Ciwon Matar Kansila

Ku da kuka taso kuka same ni a kan kujerar roba a ƙofar ɗaki, kun san ni da baki, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Ban shiga aji ko na yini ɗaya ba. Hannun aro ne ke rubuta wannan, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da ya sami 'yata Rifkatu, uwar wasunku, gwaggon wasu, a shekarar da soja suka tattara suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. A gidan nan ana cewa ni na warkar da ita da addu'a da kunun gyaɗa. Na bari ana faɗin haka shekara da shekaru domin yana da daɗin ji. Ba haka aka yi ba.

A cocinmu na Makera, zumuntar mata tana da tsarinta na ziyara. Ba a tura mace gidan baƙin ciki sai wadda ta taɓa ɗanɗana irinsa. Wadda mijinta ya rasu, sai a tura mata wadda ta binne miji. Wadda aka sallami mijinta daga masaƙa, sai a tura mata wadda ta san yadda ake dafa miya ba nama a ce wa yara likita ne ya hana. Kowace Alhamis bayan addu'a, shugabarmu Mama Hannatu takan miƙe ta faɗi gidan da abu ya faru, sannan ta tambaya wa ta san ciwon. Sai a ɗaga hannu. Nawa hannun kusan ba ya sauka. Ina da uku: mijina Ayuba da ya fita aiki da safe bai dawo da ƙafarsa ba, ɗana na fari da ƙyanda ta ɗauke, da ruwan kogi da ya shigo wata damina ya tafi da katifa da tukwane. Mama Hannatu kuwa ɗaya gare ta, miji da ya tafi Ikko neman aiki ya ɓata, wanda har yau ba a tabbatar ya mutu ba. Ni a wurina rabin rashi ne wannan, na kuma taɓa faɗa mata a fuska. Saboda haka ita ce shugabar zumunta, amma ni ce shugabar ziyara.

Ga yadda nake yi. In na isa gida, sai in gaisa, in zauna, in bar mai gidan ta yi kukanta kaɗan, sannan in gyara murya in soma labarin mutuwar Ayuba. Na san inda ake sassauta murya, na san inda ake tsayawa a dubi ƙasa. Kafin in kai wurin jana'iza, mai makokin da kanta takan tashi ta ɗebo mini ruwa tana cewa in yi haƙuri. Ni kuwa sai in ce a raina aiki ya yi, tunda macen da na tarar a kwance ga ta a tsaye.

Rifkatu tana da shekara goma sha biyu ubanta ya rasu. Ta girma ta ɗauko bakina, ta kuma ƙara da nata. Shekaru da yawa tana suyar doya da ƙosai a bakin masaƙa a Kakuri, kuma rabin masu sayen ba yunwa ce ke kawo su ba, zagi suke zuwa karɓa su shiga aiki da dariya. Mijinta Bulus yana gyaran injin saƙa, mutum mai son taro da tsayawa a kan benci ya yi jawabi. Da aka buga gangar siyasa ya tsaya kansila, muna ta dariya, sai ga shi ya ci. Cikin wata biyu ya zama Honarabul, ya ɗinka babbar riga, ya kwashe iyalinsa daga gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya zuwa wani gida a Barnawa mai katanga da geti da firji. Ya ce matar kansila ba ta suya a bakin titi. Aka kife kaskon a sito. Duk Makera aka zo yi mata barka, ni ce ma a gaba.

Ba a jima ba ta daina zuwa zumunta. Na ce girman kai ne, na aika mata da zagi, ba ta rama ba. Wannan ne ya fara ba ni tsoro, domin Rifkatu ba ta kwana da zagin kowa. Da na je na tarar da ita kwance ta fuskanci bango da rana tsaka, abinci a rufe a gefen gado, zanenta ya yi mata yawa. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. In an yi mata magana sai ta ce ba komai. Bulus ya ja ni falo ya zaunar da ni a kujerar da ta kusa haɗiye ni.

"Mama, ku duba mini wannan abu," ya ce. "Nan da mako bakwai za mu yi bikin godiya a coci saboda zaɓe. Manya za su zo. Dole ta yi rawa a gefena har gaban bagade."

"In ba ta tashi ba fa?"

"Ranar Asabar kafin bikin zan sa a kai ta ƙauye wurin tsohuwata. A ce jinya ta je yi. Yara su zauna a nan. Ba zan bari 'yan adawa su ce kan matata ya taɓu ba."

Na san ƙauyen, na kuma san ɗakin baya da ake sa irin wannan mara lafiya, da mutumin da ake kira ya zo da hayaƙi da bulala. Wadda aka kai haka ba ta cika dawowa ga 'ya'yanta ba.

Ranar Alhamis Mama Hannatu ta miƙe ta ce akwai damuwa a gidan Rifkatu, wa ta san ciwon. Wata daga baya ta tambaya wa ya rasu.

"Ba kowa."

"Aikin mijin aka karɓe?"

"Ƙari ma aka yi masa."

"To me ya same ta?"

"An kai ta gida mai firji, an ce ta huta."

Can wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta ce ita dai ba ta san ciwon ba, amma tana roƙon Ubangiji ya ɗora mata shi tun kafin Kirsimeti. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Bisa tsarinmu babu ko mace ɗaya da ta cancanci zuwa, saboda haka kowa ta tafi, domin kowa na son ganin gidan. Muka cika bas biyu da ankon zumunta, da tulunan kiɗa da kacau-kacau. Aka yi waƙa uku a kanta, aka buɗe firji aka rufe ya fi sau ashirin, kowace mace ta leƙa bayan gida ta ja ruwa ta ga yadda yake tafiya. Mama Hannatu ta tsaya a bakin gado ta ce mata ta ji tsoron Allah, mata nawa ne ke azumi don su sami rabin abin da take kwance a kai. Rifkatu ta ja zane ta rufe kanta. Ba ta buɗe ba har muka tafi.

Sai na ɗauko ƙullin kayana na tare a Barnawa. Na ce wa kaina ba a taɓa kawo mini mai baƙin cikin da Ayuba bai tayar ba. Kowace safiya bayan yara sun tafi makaranta nakan zauna kusa da taga in ba ta labarin tun daga farko, cikakke, ba irin gajeren da nake yi wa baƙi ba. A rana ta uku ta danne kunnenta da matashi. Na ga alamar maganin ya yi kaɗan, sai na ƙara da ƙyanda da ruwan kogi.

Wata safiya ina shanya a bayan gida, wata budurwa cikin fararen kayan asibiti da ɗankwali ta leƙo ta saman katangar maƙwabta ta gaishe ni da ladabi.

"Mama, ina kwana. Allah ya ji ƙan Baba Ayuba."

"Amin, 'yata. Kin san shi ne?"

"Yanzu kam na san shi sosai. Yau kwana tara ina jin rasuwarsa ta taga ina shirin fita aiki."

Sunanta Sista Hadiza, tana aiki a asibitin ƙwaƙwalwa, wanda mu a Makera ba ma kiransa da wannan suna mai daɗi. Ta tambaye ni wa nake ba labarin, tunda ba ta taɓa jin an amsa ba. Na gaya mata. Ta roƙa in bari ta shigo ta gan ta. Kafin in buɗe mata geti na tsayar da ita na yi mata tambayoyin da suka kamata.

"Kin yi aure?"

"Tukuna, Mama."

"Ubanki na da rai?"

"Yana nan lafiya, da mahaifiyata."

"Kakanni fa?"

"Kakata tana Zariya tana sayar da daddawa. Ta fi ni ƙarfi."

"Ruwa ya taɓa cin ɗakinku? Gobara? Ko ɓarawo?"

"An taɓa sace mini takalmi a makaranta."

"To ke me kika sani, da za ki shiga inda ni mai rashi uku na kasa?"

"A kan abin da ke damunta ban san komai ba, Mama. Shi ya sa zan tambaye ta."

Na buɗe getin ne kawai don ta shiga ta kunyata. Ta shiga ɗakin, ta ce in jira a waje, ta rufe ƙofa, ni da na haifi mai ɗakin. Na manna kunne a jikin ƙofar, ba na ɓoye muku. Tambayoyinta ƙanana ne, irin waɗanda ban ɗauka bakin komai ba. Yaushe rabonki da barci mai daɗi. Yaushe abinci ya daina ɗanɗano. In kin farka da safe, mene ne abu na farko da ke zuwa ranki. Bayan kowace tambaya sai ta yi shiru, shiru mai tsawon da ni zan iya binne Ayuba sau biyu a cikinsa. Ƙafata ta yi sanyi a tsaye. Ina shirin tura ƙofa in taimaka mata da magana, sai na ji muryar Rifkatu, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, tana ta zuba kamar an kwance bakin buhu. Ban ji abin da take cewa ba. Na dai ji 'yata tana magana da yarinyar da babban rashinta a duniya takalmi ne.

Da ta fito ta ce ciwo ne sananne, ana kiransa ciwon damuwa, yana kama mai firji da marar firji, kuma akwai magani da likitoci a wurinsu. Ta ce ta tambayi Rifkatu ko za ta je, ta ce za ta je in ni zan raka ta. Bulus da ya ji ya ce ko gawarsa ba za ta yarda a ga matar kansila a bakin wannan geti ba. Na kwana biyu ina juya abin. Na san in na kai ta, na faɗa wa duniya ke nan cewa ni Asabe, shugabar ziyara, na kasa da 'yar cikina. Ranar Talata ya tafi zaman majalisarsu, na ɗaura ɗankwali har kan gira, na tare tasi, muka tafi. Wata 'yar zumuntarmu ce ke sayar da lemu a bakin getin asibitin. Ta gaishe ni da sunana da na mijina da na unguwarmu. Kafin mu ga likita labari ya isa Makera.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, Mama Hannatu ta yi jawabi mai tsawo a kan masu barin maɓuɓɓugar ruwa su tafi neman ruwa a kwata, ba ta dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Aka ce in ɗan huta da shugabancin ziyara. Hutun nan har yau ina cikinsa. Bulus ya daina durƙusawa in zai gaishe ni, yakan tsaya daga nesa ya ɗaga hannu kamar ya ga 'yar jam'iyyarsa. Ya ce mun tona masa asiri, amma maganar ƙauye tana nan, yanzu ma ya fi dacewa ta yi nesa har mutane su manta.

Aka ba Rifkatu ƙwayoyi, aka ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma duk mako muna komawa ta zauna da wata likita su yi magana. Ni ma Sista Hadiza ta rubuta mini nawa maganin, da baki, ta saman katanga.

"Mama, ki riƙa zama kusa da ita. Amma a bar Baba Ayuba ya huta."

"Ƙyanda fa?"

"Ita ma. Da kogin. Ki yi mata tambaya ɗaya, ki jira."

"In ta yi shiru?"

"Ki yi shirun tare da ita."

"Har yaushe?"

"Har ta riga ki gajiya."

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, ni da na yi dakon itace da ciki wata takwas. Bakina yakan buɗe da kansa. Na gane sai na ba hannuna aiki, sai na sayo agushi mai ɓawo na riƙa ɓarewa a bakin gadonta. Na ɓare agushin da duk layin nan na Barnawa suka yi wata guda suna miyarsa. Nakan tambaye ta ko ta yi barci, ta ce kaɗan, sai in cije leɓe in ci gaba da ɓara, alhali ina da labarin rashin barci na shekara guda a bakina. Sannu a hankali ta fara zama. Ta fara shan kunu rabin kofi. Wata rana ta miƙo hannu ta ɗebi agushin ta taya ni. Amma magana ba ta wuce kalma uku ba, kuma ko falo ba ta fita, balle rawa a gaban bagade.

Asabar ɗin ta zo. Tun da hantsi motar ƙauye ta tsaya a bakin geti, Bulus ya sa an fitar da akwatinta. Ni ina zaune da tiren agushi a cinya, na rasa tambayar da zan yi. Sai na ce mata me take tunani. Ta dubi tiren, ta ce:

"Mama, a bakin masaƙa ba na samun lokacin tunani. A nan gidan ba abin da nake ji sai ƙarar firji. Sai Baba ya riƙa dawo mini."

Na buɗe baki. Na rufe.

"Ubana ne fa, Mama. Amma ke kika riƙe mutuwarsa gaba ɗaya. Duk wanda ya zo gaisuwa ke ya yi wa. Ni aka ce in ɗebo ruwa, in wanke kofuna. Shekara ashirin da wani abu ina jin labarin a bakinki, ba wanda ya taɓa tambayata ina nake a ranar."

Ina da amsa, ku sani. Ina da amsoshi bakwai, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Na danne su duka, na ce, "To ina kike a ranar?"

Ta soma. Ba ta iya ba da labari kamar ni ba, tana gaba tana baya, tana tsayawa inda bai kamata ba. Tana tsakiya Bulus ya turo ƙofa da babbar rigarsa ya ce direba na jira, hanya da nisa. Ba ta ko juya ba.

"Baban yara, ina magana da uwata. Ka sallami motar, ba inda za ni. Rawar gobe ma ka yi abarka, kafin ka zama kansila ai kai kaɗai kake yi."

Ya tsaya riƙe da ƙofa. Wata huɗu rabon da ta yi masa irin wannan magana. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya da sauri ya fita yana yi wa direba faɗan abin da bai yi ba. Muka ji an mayar da akwati. Ita kuwa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ba a ranar ta warke ba, kada wani ya rubuta haka. Ta kusa shekara tana shan magani tana zuwa asibiti, akwai makonnin da ta koma ta fuskanci bango. Amma ta zauna da 'ya'yanta, kuma a ranar da ta gama labarin ta ce tana jin yunwa, ta ci doya da manja har ta nemi ƙari.

A labarin nata akwai wurare uku da suka saɓa da nawa. Ta ce rigar da ubanta ya sa a ranar shuɗiya ce. Ta ce ana yayyafi. Ta ce bayan an ɗauke shi daga bakin hanya inda ya faɗi, ita ce ta turo kekensa har gida, ita kaɗai, fedar keken na bugun ƙaurinta, kuma da ta iso ba wanda ya karɓa, sai ta jingine shi ta je ɗebo ruwa. Ban gyara mata ko ɗaya ba. Rigar fara ce, kuma rana ake yi, a kan waɗannan ina nan a kan bakana. Na ukun ne na daɗe ina juyawa, domin a gidaje fiye da yadda zan iya tunawa na faɗa wa mata yadda na turo keken nan da hannuna ina kuka. Ba ni ba ce. Ina cikin motar da ta ɗauke shi. Rifkatu ce ta turo keken.